Yadda Ake Gano Hanyar Jerin Gwanon Ibada a Tsohon Birnin Rumawa

Ɗalibin tarihi, da mai zana taswira, da mai raka baƙi cikin kufan Rum, duk tambaya ɗaya ke tare su: ranar biki, ta ina aka bi da gumakan? Marubutan da suka ga bukukuwan da idonsu ba su cika lissafa tituna ba, domin masu karatunsu sun san hanyar tun suna yara. Abin da ya rage mana shi ne guntayen labari, da rubutun da aka sassaƙa a dutse, da tituna da aka tono. Aikin shi ne a haɗa su, sannan a gwada ko jerin gwanon zai iya wucewa ta inda aka ce ya wuce. Jerin gwano yana da tsawo, da faɗi, da tsayi, da nauyi, kuma yana cin lokaci. Jan layi a kan taswira ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, shi ya sa yake ratsa ƙofar da amalanke ba za ta shiga ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Taswirar kufan birnin mai sikelin 1:2000 don ganin hanyar gaba ɗaya, da wata mai sikelin 1:200 ko 1:500 don ƙofofi da kwanoni. Dole ta kasance mai layukan da ke nuna tudu da kwari. Sai takarda mai shara-shara ko manhajar zana taswira ta QGIS, da alƙalami launi uku, da jadawali da za ka riƙa shigar da kowace hujja. Ka riƙe ma'aunan Rumawa a ka: taku ɗaya santimita 29.6 ne, mil ɗaya kuwa kimanin mita 1,480.

Tsayar da biki ɗaya, a shekara ɗaya

Kalmar Latin ta jerin gwano ita ce pompa, amma abubuwan da ke ƙarƙashinta ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke buɗe wasannin tseren karusa, wanda ke saukowa daga haikalin Jupiter a tudun Kapitol zuwa filin Circus Maximus. Akwai bikin nasarar yaƙi, wanda ke farawa a wajen gari ya ƙare a wannan haikalin, wato kusan kishiyar na farko. Akwai zagayen tsarkakewa, inda ake kewaya fili ko jama'a da alade da rago da bijimi kafin a yanka su. Akwai fitar da gunkin allahiya Magna Mater ranar 27 ga Maris daga tudun Palatin zuwa rafin Almo don a wanke shi. Akwai hawan mahaya dawakai na 15 ga Yuli, daga haikalin Mars da ke wajen ƙofar Capena. Wanda ya ɗauki hujjar wannan ya cike giɓin wancan ya gauraya abin da ba ya gaurayuwa.

Shekarar ita ce inda aka fi zamewa. Birnin Rum da ake gani yau tarin ƙarnoni ne a wuri ɗaya. Za ka ga zane na bikin nasarar Bespasiyan da ɗansa Titus na shekara ta 71 Miladiyya, ayarin yana shigewa ta ƙarƙashin bakan Titus, wato babbar ƙofar tunawa mai lanƙwasa kamar baka. Ai ba a gina bakan ba sai bayan mutuwar Titus a shekara ta 81. Kolosiyum ma sai a 80 aka buɗe shi, bakan Septimiyus Seberus kuwa sai 203. Gobarar shekara ta 64 ta sa aka sake tsarin sashen sama na titin Via Sacra, don haka titin da Yuliyas Kaisar ya taka ba shi ne wanda Titus ya taka ba. Kafin ka ja ko layi ɗaya, ka shafe duk ginin da bai kai shekararka ba.

Ka kuma shafe aikin zamani. A 1932, lokacin fasa babban titin da ake kira Via dei Fori Imperiali a yau, an sare tudun Velia. Dandalin Kapitol na yanzu, wanda Michelangelo ya tsara, ya juya fuskarsa ga arewa maso yamma, kuma ta can matattakalarsa take. Rumawan da kuwa ta gefen Forum, babban dandalin birnin, suke hawa, ta titin Clivus Capitolinus, haikalin Jupiter yana fuskantar kudu. Baƙo da ya hau ta matattakalar yau ya shigo wa haikalin ta baya ne.

Ranar bikin tana da nata tarkon. Kalandar dutse da ta bango, irin wadda aka samu a Anzio da ta girmi gyaran Yuliyas Kaisar, ko kalandar littafi ta shekara ta 354, za su ba ka ranar. Amma kafin gyaran shekara ta 46 kafin Miladiyya, kalandar Rum takan kauce wa rana sosai. Husufin ranar da ilimin taurari ya tabbatar ya faru 14 ga Maris na 190 kafin Miladiyya, marubucin tarihi Libiyus ya rubuta shi a 11 ga Yuli. Wata huɗu ke nan tsakani. Sai da aka yi wa shekara ta 46 kwana 445 kafin lissafi ya daidaita. Don haka idan bikinka ya girmi wannan shekarar, kada ka yi saurin cewa "an yi shi cikin zafin bazara" ko ka lissafa inda inuwa ta faɗi.

Kafa turaku daga rubutu

Turke shi ne wurin da wani rubutu na da ya ambata da suna cewa ayarin ya bi ko ya tsaya. A jadawalinka kowane turke ya samu layi: sunan wurin, wanda ya faɗa, shekarar bikin, shekarar da aka rubuta labarin, da ko an gano wurin a ƙasa.

Mafi kyawun abin koyo shi ne bikin shekara ta 207 kafin Miladiyya, lokacin yaƙi da Hannibal, da aka yi don neman yardar allahiya Juno. Libiyus ya bi shi daki-daki. An taso daga haikalin Apollo da ke wajen ganuwa, da fararen shanu mata biyu a gaba, aka shigo ta ƙofar Carmentalis. Bayansu gumaka biyu na katako, sai 'yan mata 27 cikin dogayen riguna suna rera waƙa, sai firistoci goma. Aka bi titin Vicus Iugarius aka faɗo Forum. Nan aka tsaya. 'Yan matan suka kama igiya ɗaya, suna tafiya suna buga ƙafa daidai da waƙar. Daga nan aka shiga Vicus Tuscus, aka ratsa unguwar Velabrum da kasuwar shanu, wato Forum Boarium, aka hau Clivus Publicius zuwa haikalin Juno a tudun Abentin, inda aka yanka shanun aka shigar da gumakan.

Ɗora wannan a taswira ka ga abin da zai fito. Daga ƙofar Carmentalis zuwa kasuwar shanu 'yar tafiya ce kusa da bakin kogi. Ayarin bai bi ta nan ba. Ya karkata cikin gari ya shiga Forum, ya sake fitowa ta titin da ke kusan jere da wanda ya shigo ta cikinsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa bai halatta ka haɗa turaku biyu da hanya mafi gajarta ba, kuma shi ya sa umarnin neman gajeriyar hanya a manhajar taswira ba ya amfani a nan. Ayarin ibada inda za a gan shi yake nema.

Irin wannan cikakken bayani ba shi da yawa. Bikin nasara, duk da shahararsa, turakunsa a warwatse suke. An san janar ba ya ƙetare iyakar ibada ta birnin, wadda ake kira pomerium, kafin ranar bikin, shi ya sa majalisar dattawa kan zauna da shi a haikalin Bellona ko na Apollo a wajen iyakar. An san ana ƙarewa a Kapitol. Marubucin tarihi Yusufus ya ce a 71 Bespasiyan da Titus sun kwana kusa da haikalin Isis, suka gana da dattawa a rumfar Octavia da sassafe, sannan suka wuce ta "ƙofar nasara". Ita wannan ƙofar wurare ƙalilan ne suka ambace ta, uku daga ciki ma kan jana'izar Agustus ta shekara ta 14 suke magana, kuma har yau masana na jayayya kan inda take. Kada ka sa mata ɗigo ɗaya. Ka zana da'ira mai faɗi da ta ƙunshi wuraren da ake zato.

A ganina babban kuskuren littattafan makaranta shi ne nuna hanyar nasara ɗaya tak. Jerin sunayen da aka sassaƙa a zamanin Agustus ya ƙunshi bukukuwa sama da 200, ya tsaya kan na Korneliyus Balbus a shekara ta 19 kafin Miladiyya. Birnin ya canza fuska sau da yawa cikin waɗannan ƙarnoni. Mafari da maƙura sun tsaya, tsakiya kuwa ta yi ta motsi.

Cike tsakanin turaku

A nan hujjar gefe ke aiki. Sisero, lauyan Rum, yana tuhumar wani jami'i mai suna Berres kan kwangilar gyaran titi, ya kira hanyar da ta tashi daga gunkin Vertumnus zuwa Circus Maximus hanyar amalanken gumaka da jerin gwano, ya ce an yi aikin banza har shi Berres ɗin ba zai yarda ya bi ta ba. Gunkin Vertumnus a bakin Vicus Tuscus yake. Da wannan zargin kaɗai an samu tabbacin titin da ayarin wasanni ke bi. Ka nemi irin wannan a shari'o'i, da wasiƙu, da waƙoƙi, ba a littattafan tarihi kaɗai ba.

Dokar da aka samu a kan allon tagulla kusa da Heraclea a kudancin Italiya ta hana amalanke yawo cikin Rum daga fitowar rana zuwa sa'a ta goma. Ta cire wasu: masu ɗauko kayan ginin haikali, da amalanken da ke ɗaukar firistoci mata na Vesta da manyan firistoci a ranakun ibada, da na bikin nasara, da na jerin gwanon wasanni. Wannan ya nuna cewa da rana titin babu manyan amalanke, masu ƙafa ne cunkoson. Sa'ar Rumawa kashi ɗaya ce cikin sha biyu na hasken yini, saboda haka takan kai minti 75 a tsakiyar bazara, ta sauko zuwa 45 a hunturu.

Don sanin ainihin layin titi, akwai taswirar marmara da aka manna a bangon haikalin Salama tsakanin 203 da 211. Faɗinta kimanin mita 18, tsayinta 13, sikelinta 1:240, kuma gutsattsari sama da 1,100 suka tsira, waɗanda ba su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Abubuwa biyu ke yaudarar sabon shiga. Samanta kudu maso gabas ne, ba arewa ba. Kuma birnin farkon ƙarni na uku take nunawa, don haka titin da ka gani a kanta shaida ce mai rauni ga bikin da aka yi shekara 300 kafin ta. Tun 2024 an shimfiɗa gutsattsarin a wani gidan tarihi a tudun Caelius, a kan taswirar Rum da Nolli ya zana a 1748, abin da ke sauƙaƙa daidaita su da titunan da aka sani.

Gwada jikin ayarin a kan titin

Yanzu ka lissafa abin da ke cikin ayarin, ka nemo mafi faɗi, mafi tsayi, da mafi nauyi. Marubucin tarihi Diyonisiyus ɗan Halikarnasus ya ba da jerin ayarin wasanni: jami'in da ke shugabantar bikin, samari a kan dawakai da a ƙafa, matuƙa karusai, 'yan wasa, masu rawa da makamai kashi uku bisa shekaru, masu rawar barkwanci, masu sarewa da molo, masu turaren wuta da tasoshin zinariya da azurfa, sannan gumaka a kafaɗun mutane. Akwai kuma amalanken alfarma da ake kira tensa, masu ɗauke da alamomin alloli.

Faɗi tukuna. Tsakanin ƙafafun amalanken Rumawa kimanin mita 1.4 ne, amma ba wannan za ka auna ba. Karusar nasara dawakai huɗu ke ja a jere, kafaɗa da kafaɗa. Ba kowane doki mita ɗaya, ka ƙara masu riƙe linzami a gefe biyu, ka ga kana neman abin da ya kusa mita biyar. Ƙofar bakan Titus faɗinta mita 5.36, ta tsakiya a bakan Seberus kuwa kimanin mita 7. Rumawa da kansu sun taɓa cin karo da wannan lissafi. Janar Fompi, a bikinsa na nasara na farko bayan yaƙin Afirka, ya ɗaura giwaye huɗu a karusarsa, ƙofar ta ƙi su, dole aka kwance aka kawo dawakai. Sarki Niro, da ya dawo daga Girka, sai da aka rushe wani baka na Circus Maximus don shigarsa. Duk inda lissafinka ya nuna matsi, ka rubuta cewa a nan sahu ke karyewa, kuma ka ƙara lokaci.

Tsayi ana yawan mantawa da shi. Yusufus ya ce dandamalin da aka ɗauka a 71, masu nuna garuruwan da aka ci, wasu hawa uku ne wasu huɗu. Ko ka ba kowane hawa mita biyu da rabi, mai hawa huɗu ya kai mita goma, ya fi ƙofar bakan Titus mai tsayin mita 8.3 da aka gina daga baya. Duk bakan da ke kan hanyarka, ka tambaya: ta ciki aka bi ko ta gefe?

Sai hawa da gangare. Daga daɓen Forum zuwa saman Kapitol akwai tashi na kimanin mita 30 cikin 'yar gajeriyar tafiya, a kan shimfiɗar baƙin dutse da ƙafa ta goge ya yi santsi. Ayarin nasara hawa yake yi a ƙarshen yini da gajiyayyun shanu. Ayarin wasanni saukowa yake yi tun farko, kuma saukar da amalanke mai nauyi a gangare ya fi hawa haɗari. Matattakala kuwa hukunci ce kai tsaye: mai ƙafa da mai ɗauka a kafaɗa za su wuce, mai ƙafar amalanke ba zai wuce ba. Ramin titi ma yakan yi aiki. A bikin nasarar Kaisar kan Gaul a shekara ta 46 kafin Miladiyya, sandar da ke haɗa ƙafafun karusarsa ta karye a wajen Velabrum, ya kusa faɗowa.

Tsawo da lokaci

Lissafin mai sauƙi ne. Raba yawan mutane da yawan waɗanda ke sahu ɗaya, ka ninka da tazarar sahu, ka samu tsawon ayari. Haɗa tsawon ayari da tsawon hanya, ka raba da saurin tafiya, ka samu lokacin da na ƙarshe zai isa. Tazara da sauri zato ne naka, don haka ka rubuta su a fili don wani ya iya musanta su.

Ɗauki bikin nasarar Emiliyus Paulus na shekara ta 167 kafin Miladiyya, wanda ya ci kwana uku. Marubuci Fulutark ya ce ranar farko amalanke 250 suka wuce da gumaka da zane-zanen da aka kwaso. Rana ta biyu, bayan makamai, mutum 3,000 suka ɗauki tukwane 750 na kuɗin azurfa, mutum huɗu a kan tukunya, kowace da talanti uku. Idan talanti kimanin kilo 26 ne, kowace tukunya ta kai kilo 78 ban da nauyinta, wato kusan kilo 20 a kan kowane mutum. Ba kowace tukunya mita uku, sashen azurfa kaɗai ya kai mita 2,250, fiye da rabin hanyar da ake ƙiyasta ta da kilomita huɗu. A tafiyar kilomita biyu a awa, sai an haura awa uku kafin tukunyar ƙarshe ta isa, ba tare da an tsaya ko sau ɗaya ba. Rana ta uku akwai shanu 120 masu ƙahon da aka shafe da zinariya, kuma shanu ba sa bin jadawalin kowa. Da wannan ka gane dalilin kwana ukun.

Hawan 15 ga Yuli ya fi nuna amfanin lissafin. Diyonisiyus ya ce mahayan kan kai 5,000. A sahu huɗu-huɗu da tazarar mita uku da rabi, tsawon ayarin mita 4,375 ne. Idan wani lungu ya tilasta biyu-biyu, ya ninka ya kusa kilomita tara. Ma'ana na gaba ya daɗe da isa alhali na baya bai motsa daga haikalin Mars ba. Saboda haka ka nemo fili biyu da ba a cika zana su ba: inda ake taruwa a jera, da inda ake watsewa. Ga bikin nasara, filin Campus Martius da Circus Flaminius ne suka ɗauki wannan nauyi.

Inda ake tsayawa, da inda ake kallo

Ayari ba ya tafiya ɗoɗar. Ana tsayawa don waƙa, kamar a 207. Ana tsayawa don masu ɗauka su huta. A gindin Kapitol ana cire manyan fursunoni daga sahu a kai su kurkukun Tullianum, kuma a 71 sai da aka jira labarin kashe Siman ɗan Giyora kafin aka fara hadaya. Kowane tsayawa ya samu alama a taswira da kimanin mintunansa.

Maƙurar tafiya bagadi ce, kuma bagadin a waje yake, gaban matattakalar haikali, ba a ciki ba. Ka auna filin da ke gabansa, domin nan ake yanka, nan ake duba kayan cikin dabba. Wanda ya ƙare layinsa a cikin ɗakin gunki ya wuce wurin.

'Yan kallo ma suna da gini nasu, sai dai na katako ne, shi ya sa bai bar kufai ba. Fulutark ya ce a 167 an kafa dakalai a filayen tsere da kewayen Forum, mutane sanye da fararen kaya, haikalai a buɗe cike da furanni da turare, dogarai na korar jama'a daga tsakiyar titi. Dakalin yana cin faɗin titi, don haka faɗin da ka auna a kufai ya fi wanda ayarin ya samu. Ratsa Circus Maximus kuwa dabara ce ta nuna ayari ga mutane da yawa a zaune: Diyonisiyus ya ce filin na ɗaukar 150,000.

Ka bar wa taswirarka wurin ranar da abu ya ɓaci. Sisero ya lissafa abubuwan da ke rushe bikin: mai rawa ya tsaya, mai sarewa ya yi shiru, yaron da ke jan tensa, wanda dole uwarsa da ubansa su kasance da rai, ya saki ragama, ko jami'i ya yi tuntuɓen harshe a addu'a. Sai a sake daga farko. Fulutark ya ce an taɓa maimaita hadaya ɗaya sau talatin. Ambaliyar kogin Tiber kuwa takan cika Velabrum da Circus, domin kwari ne. A shekara ta 202 kafin Miladiyya ruwa ya cinye Circus, aka mai da wasannin Apollo wajen ƙofar Collina. Ranar bikin gari ya waye tas, ayari ya riga ya kama hanyar Collina, sai labari ya zo ruwa ya janye, aka juyo da shi Circus.

Biranen da ba Rum ba

A wajen babban birnin marubuta sun yi ƙaranci, rubutun dutse da titi ne jagora. Afisa, a yammacin Turkiyya ta yau, ita ce ta fi sa'a. A shekara ta 104 wani attajiri, Gayus Bibiyus Salutaris, ya ba da kyautar ƙananan gumaka 31 na zinariya da azurfa, aka sassaƙa sharuɗɗan a bangon gidan wasan kwaikwayo cikin layi 568. Za a ɗauko su daga haikalin Artemis da ke wajen gari, samarin birni su tarbe su a ƙofar Magnesiya, a kai su gidan wasan, a fitar da su ta ƙofar Koressos a mayar. Ƙofofin da gidan wasan turaku ne. Titunan da ke tsakani, ta dandalin sama, a gangaro titin Kuretes, a bi titin marmara, fahimta ce daga tsarin garin, mai ƙarfi amma ba rubutacciya ba. Rumfar da Damiyanus ya gina a kan hanyar haikalin don kada ruwan sama ya hana masu ibada zuwa ta ƙarshen ƙarni na biyu ce, ba ta da wuri a taswirar 104.

A Pompeii, wadda dutsen Vesuvius ya binne a 79, titin ne ke magana. Kwarin da ƙafafun amalanke suka ci a dutse shaidar zirga-zirgar kullum ce, ba ta biki ba. Duwatsun tsallake titi suna barin amalanke ta wuce amma suna karya sahun masu ɗauka a kafaɗa. An toshe bakin dandalin garin da tsayayyun duwatsu, don haka abin da ya shiga can da ƙafa ya shiga. A bangon wani shago a Via dell'Abbondanza akwai zanen gunkin Cybele, wato Magna Mater, a kan gadon ɗauka, an sauke shi ƙasa, masu ɗauka huɗu na tsaye kusa. Zanen ya nuna yadda ake ɗauka da yadda ake hutawa. Bai tabbatar cewa ta gaban shagon aka wuce ba.

Jarash a Urdun da Tadmur a Siriya suna da dogayen tituna masu ginshiƙai da ke jan ido. A Jarash wani fili mai siffar ƙwai ya haɗa babban titi da haikalin Zeus. A Tadmur an gina baka mai siffar tsini don ɓoye kwanar digiri 30 a titin da ke nufar haikalin Bel, kuma tun da aka rushe shi a 2015 sai ka dogara ga zane da hotunan da suka gabaci shekarar. Kyan titi ba hujja ba ce. Titin da ya dace da jerin gwano kasuwa ce ma a sauran kwanakin shekara, kuma in babu rubutu, abin da za ka iya cewa shi ne "zai yiwu".

Wajen zana taswirar ƙarshe launukan nan uku ke aiki. Baƙin layi cikakke ga abin da rubutu ya ambata kuma aka gano a ƙasa. Layi mai tsinke-tsinke ga abin da aka fahimta daga tsarin titi da gwajin faɗi. Ɗige-ɗige ga zato, kuma in zato biyu ne a zana duka biyun. A rubuta shekarar a saman taswirar da manyan lambobi, a sa kibiyar alkibla, a yi alamar kowane matsi da faɗinsa a mita. A ƙasa a ƙara zanen gefe mai nuna hawa da sauka daga mafari zuwa bagadi, tare da ɗan jadawalin tazarar sahu da saurin tafiyar da aka yi lissafi da su.